Shekarar da Na Hana Kala

Jiya da la'asar ina zaune a bakin rumfata a Zongon Sokode ina tsince tsakuwa daga cikin aya, sai ga samari uku 'yan zemijan, masu ɗaukar mutane a babur, sun faka a inuwar mangwaro. Kowa ya kai hannu cikin faifaina ya watsa a baki, ko izini babu. Can ɗayansu ya ce, "Baba Sale, mu ma bana noman aya za mu yi. An ce ciyawa ce, da kanta take fitowa, ko ka kore ta ba ta tafiya." Na yi dariya har na ƙware. Gaskiya yaron ya faɗa, ba ta tafiya. Sai dai bai san cewa wannan naci nata ya taɓa kusan raba ni da gona da sana'a gaba ɗaya ba. To ku da kuka ci ayata kyauta, da duk mai tunani irin naku, ku gyara zama.

Ni ba ɗan manoma ba ne. Kakannina fatake ne, goro ya kawo su ƙasar Kotokoli, mahaifina kuma atamfa yake sayarwa a kasuwa. A gidanmu an san awo, an san ciniki, amma babu wanda ya san inda ake kama ƙotar fartanya. Da na zama saurayi aka tura ni Dapaong wurin kawuna in koyi cinikin shanu. Ni da shanu jininmu bai haɗu ba ko kaɗan. A mako na biyu wani bijimi ya ɗaga ni ya ajiye ni a bayan shinge, daga ranar na riƙa neman dalilin barin kara, wato kasuwar shanun. Bayan karar akwai gonar wani tsoho Bamobe, ɗan ƙabilar yankin, sunansa Lare, a can nake zuwa in fake. Wata rana ya tuge wata ciyawa, ya kakkaɓe saiwarta a gwiwarsa, ya miƙo mini 'yan ƙwayoyi da ƙasa a jikinsu. Na goge a riga na tauna. Kai! Ni da na saba da busasshiyar aya mai sa muƙamuƙi ciwo, sai ga madara mai sanyi ta cika mini baki. A wurin na yanke shawara, kawuna ya nemi wani mai bin shanu.

Aikin farko da Lare ya ba ni shi ne in damƙi ƙasa. Ya ce in dunƙule ta a hannu in saki. In ta tsaya dunƙule, ta laka ce, aya za ta shaƙe a ciki, kuma ran tono sai ka yi kuka. In ta warware ta bi tsakanin yatsu, ita ce ƙasar aya. Daga nan sai jiƙa iri. Kwana uku yake sha a cikin tulu, kullum a sauya masa ruwa, wanda ya taso sama a kwashe a zubar domin fanko ne. Sannan a ja kunya da garma, a bi da yatsa ana soka ƙwaya ɗaya ɗaya, tsakaninsu taki guda na hannu. Rabin yini a duƙe, in ka miƙe sai ka ji kamar an ɗora maka buhun gishiri a kwankwaso. Amma ku zo ku ga gonar bayan mako biyu! Tsirrai sun fito a jere, kore shar, suna ƙyalli da safe. Har yau in na ga wannan sai in ji kamar in yi tsalle, tsufa ne kawai yake riƙe ni.

Noman farko shi ne inda na sha kunya. Akwai wata muguwar ciyawa, jiji, wadda ganyenta da na aya kamar an tsaga kara. Na shiga gona da zafina, kafin Lare ya dawo daga rafi na gyara kunya biyu tas, na tara ciyawa a gefe ina jiran yabo. Tsohon ya tsuguna ya bincika tarin. Rabi duk aya ce na tuge, jijin kuma na bar shi tsaye yana shan iska. Bai zage ni ba. Ya tono jiji ɗaya ya ce in tauna. Ɗaci ya kama ni har cikin kunne, shi kuwa yana ta ƙyaƙyata dariya. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Yanzu bakinka ya san shi, gobe idonka zai san shi." Haka Lare yake koyarwa, ba ya bayani, sai dai ya bar ka ka ci karo da abu.

Tono kuwa, shi ne sana'ar. Bayan wata huɗu ganye zai yi ruwan ɗorawa ya kwanta. A yanke shi, a bi kunya da fartanya a farfasa, a kwashi ƙasar a zuba a rariya, babbar rariya mai katako wadda mutum biyu ke kamawa, a yi ta girgiza. Ƙasa ta zube, aya da tsakuwa su tsaya. Ku ji ƙarar ayar a kan rariya in gona ta yi kyau, wallahi ya fi mini kalangu daɗi. Daga nan a kai rafi a wanke a kwando, a shanya a tabarma, a riƙa juyawa kada ta yi fumfuna, sannan a zauna tsintar tsakuwa. Wannan tsintar kada ku raina ta. Tsakuwa ɗaya ta fasa wa mutum haƙori, ka rasa shi, ka rasa danginsa, ka rasa duk wanda ya ji labari.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba ni haushi a gonar Lare. Ran da aka ɗaure buhun ƙarshe, sai ya je bakin gona ya tafa hannu. Mata su ɓullo daga ko'ina da ƙore da ƙananan rariyoyi, su bazu suna kala, wato tsintar abin da ya saura a ƙasa. Kwana da kwanaki suna tona, kowace ta koma gida da ƙwarya cike, bayansu kuma zabi su shigo su ƙarasa. Ni jikan fatake ina gefe ina lissafin asara. Na ce, "Baba, wannan fa dukiya ce kake zubarwa." Ya ce, "Bar su." Na ce a raina, tsohon nan ya iya noma amma bai iya kasuwa ba.

Shekara uku na yi a wurinsa, na dawo Sokode da buhun iri da rariya a kan mota. Gona ce babu, domin mu 'yan Zongo ba mu da ƙasa, sai aro. Wani mahauci abokin mahaifina ya kai ni ƙauyen Awuda wurin Baba Isifu, dattijon Kotokoli mai gonar doya, muka je da goro. Ya nuna mini wani yanki mai rairayi. Muka shirya in yi aya damina ɗaya, in na kwashe 'ya'yansa su tara tulin doya a wurin tunda rariya ta riga ta sassauta ƙasar, ni kuma in matsa yanki na gaba. Ya kafa mini sharaɗi biyu. Ya ce, "Kada ka dasa itace. Kuma ƙasan nan na kakanni ne, ka ci, ka mai da shi yadda ka same shi." Na ce ai wannan mai sauƙi ne.

Daminar farko, Allah mai iko! Ƙasar Awuda ta fi ta Dapaong laima, ayar ta fito manya manya kamar gyaɗa. In na tuge gindi ɗaya sai in tsaya ina kallonsa ina dariya ni kaɗai. Matan Zongo masu kunun aya suka ji labari, tun kafin in sauke kaya a tasha suke tare ni. Wata Hajiya mai dakuwa ta ce kada in kuskura in sayar wa kowa jar ayar sai ita. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya masu hawa arewa, suna tsayawa su sayi ɗanya, wai tana hana su gyangyaɗi, wasu kuma su rage murya su tambaya ko gaskiya ne abin da ake cewa tana yi wa magidanci. Nakan ce musu su saya su gwada, ni manomi ne ba boka ba. A shekarar aka fara kirana Sale Mai Aya, kuma kaina ya kumbura daidai gwargwado.

Ran da na ɗaure buhun ƙarshe, ban tafa hannu ba, amma sai ga mata sun zo da ƙorensu. A gabansu akwai Mma Salamatu, wata dattijuwa mai sayar da koko a bakin titi, 'yar kawun Baba Isifu. Ta ce, "Sannu da aiki, ɗana. Mun zo kala." Nan take jinin kasuwa ya motsa. Na ce a raina, waɗannan in sun tsinta gobe za su baza a bakin titi da araha, direbobina su koma wurinsu. Na tare hanya da ƙotar fartanya na ce, "Mma, gonata ba gidan sadaka ba ce." Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "To, Allah ya ba da alheri." Ta juya, sauran suka bi ta. Ni kuwa har da murmushi, wai na nuna wa ƙauye yadda ake sana'a.

'Ya'yan Baba Isifu suka tara tulin doya a wurin, suka dasa. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Na zo daga gari zan ja kunya a sabon yankina, sai na hangi tsohuwar gonata ta yi kore shar. Na ce kai, doyar nan ta yi saurin fitowa. Da na matso sai na ga ashe ba doya ba ce. Aya ce. Kowane tuli ya yi gashi tun daga gindi har ƙoli. Duk ƙwayar da ta kuɓuce wa rariya ta kwana a ƙasa tana jiran ruwa, kuma kowace ta fito da 'ya'ya da jikoki. Samarin suka nome, bayan kwana biyar ta dawo. Suka sake nomewa, ta dawo ta fi da yawa, domin in ka sare ganye ka bar ƙwaya, aski kawai ka yi mata.

Lokacin sabuwar doya Baba Isifu ya aika a kira ni. Na same shi a zaure, ya ajiye doya uku a gabansa, ƙanana kamar rogo. Ya ɗauki wuƙa ya tsaga ɗaya. Saiwar aya ta huda ta ta fita ta ɗaya gefen, wurin ya yi baƙi ya fara ruɓa. Gidan da ake jin dakan sakwara kullum, a shekarar tuwon masara suka yi ta ci. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sale, aya ya ci doyana. Yanzu yanki biyu ke nan ka sa masa. Ka kwashe na bana, ka gyara duka biyu. In damina ya sauka zan zo in duba. In na ga aya ya tsiro, ka ɗauki fartanyanka. Kuma ba a Awuda kaɗai ba, har Sotubuwa babu mai ba ka ƙasa, don za su tambaye ni."

Na san ba barazana yake ba. Ɗan aro in an kore shi da sunan ya ɓata ƙasa, shi ke nan, labarin yana riga shi isa kowane ƙauye. Na kwashe ayar bana, na ɗauko 'yan ƙodago biyu daga gari, muka shiga tona da rariya. Mako biyu muna yi ba mu ci kwatar yanki ɗaya ba, kuma in na koma inda muka wuce na tona da yatsa, sai in sami ƙwaya tana kallona. Babbar rariya manya take kamawa, ƙananan sai su bi ƙasa su koma. 'Yan ƙodago suka ce su ba za su iya ƙirga yashi ba, suka tafi. Da na rasa ta yi, na hau mota sai Dapaong.

Na sami Lare ya ƙara tsufa, yana zaune yana gyaran ƙota. Na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya. Ya ce, "Wa ya yi maka kala?" Na ce babu, na kore su. Tsohon ya ajiye ƙotar, ya kama ciki, ya yi dariya har hawaye, har matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya. Da ya sarara ya ce, "Kai kana tsammani ni kyauta nake yi? Su ne tsintsiyana! Kai kana neman buhu, su suna neman ƙwaya. Wanda yake neman buhu ba ya ganin ƙwaya." Shekara uku ina kallon abin da idona ina kiransa asara, ashe rabin sana'ar ke nan. Haushin kaina ya kama ni, amma tare da shi wata irin murna, domin na ga hanya. Ko ruwa ban tsaya sha ba na koma tasha.

Hanyar kuwa ta gaban tukunyar kokon Mma Salamatu ta bi. Na je da sassafe da goro da turmin atamfa daga rumfar mahaifina, na tsuguna a gaban masu sayen koko, kowa yana kallo. Na ce, "Mma, na yi kuskure, ki yafe mini. Ku zo ku yi kala." Ta ci gaba da zuba koko kamar ba da ita nake ba. Sai da ta sallami mutum huɗu sannan ta ce, "Au, gonan ya zama gidan sadaka yanzu?" Mutane suka fashe da dariya, ni ma na yi ta dole. Ta tura mini atamfar da ƙafa, ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare. Ta ce, "Ka riƙe zanenka. Za mu zo, amma ba don kai ba. Don doyan Isifu."

Ku zo ku ga aiki! Mata sun fi ashirin, kowace da ƙwarya da 'yar rariya mai ƙananan ido. Ba sa tona kamar mu. Zama suke yi a jere su miƙe ƙafa, su ja ƙasa gabansu da guntun ƙwarya, su murza da tafin hannu, su tace, su matsa gaba da gindi. Suna yi suna hira da waƙa da yaren Kotokoli, kuma daga yadda suke kallona suna dariya na san wa ake yi wa waƙar. Ni ne mai ɗebo ruwan sha, ni ne mai farfasa musu ƙasa mai tauri. Da suka gama yanki biyu Mma Salamatu ta ce in bar ƙasar a buɗe rana ta gasa ta, in kuma roƙi maƙwabta su sako zabinsu. Na ce an gama ke nan? Ta ce, "Gaggawa dai, ɗan Zongo. Jira ruwan mangwaro." Wato ɗan ruwan nan da kan sauka sau ɗaya da rani, kafin damina ta gaskiya. Da ya sauka, bayan mako guda duk ƙwayar da ta ɓuya ta tona asirin kanta, ta fito da ɗan kore. Matan suka dawo da tsinke da wuƙa, suka bi su ɗaya ɗaya suna tonowa har ƙwayar. Ban taɓa ganin dabara mai daɗi irin wannan ba, ina bin su a baya ina ta kabbara.

Damina ta sauka. Aka yi ruwa biyu masu ƙarfi, Baba Isifu ya bari aka kwana goma, sannan ya aiko cewa gobe da hantsi zai duba. Ya zo da sandarsa, matan kala suka biyo shi, ni ina biye a gefe. Ya shiga yankin farko yana tafe a hankali, yana ture ciyawa da sanda. In ya ga wani kore sai ya duƙa ya duba, sai ya miƙe ya wuce. Ya gama na farko. Ya shiga na biyu.

Muna kusa da ƙarshe, a gindin wata tsohuwar kunya, na hango shi. Tsiro ɗaya, siriri, ganye uku, yana ƙyalli. Ko a mafarki na san ganyen aya. Baba Isifu yana duba hagu, saura taku biyar ya juyo dama. Sai Mma Salamatu ta wuce ni kamar mai neman inuwa, ta ɗora ƙafarta a kai, ta tsaya ƙyam ta riƙe ƙugu tana kallon sama.

Dattijon ya iso. Ya dube ta, ya dubi ƙafar, ya daɗe yana dubanta. Da yake 'yar kawunsa ce akwai wasa tsakaninsu. Ya ce, "Salamatu, ƙafanki ya yi saiwa ne?"

Ta ce, "Hutawa nake. Wata biyu ina duƙe a ƙasanka, ba zan huta a kai ba?"

Na ga gemunsa yana motsi, ban sani ba ko faɗa ne ke zuwa ko dariya. Sai ya zagaye ta ya wuce, ya kai ƙarshen gona, ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Sale, je ka jiƙa irinka."

Matan suka ɗauki guɗa. Ni kuwa na durƙusa a wurin, hawaye na zuba, ban damu da wanda ya gani ba. Mma Salamatu ba ta motsa ba sai da ya ɓace a bayan itatuwa. Sannan ta ɗaga ƙafa, ta sa yatsa ta tono ƙwayar, ta goge ta a zane. Na miƙa hannu in karɓa in jefar. Ta maƙe hannunta, ta jefa a baki ta tauna.

Ta ce, "Kai ka ga naka ya tsaya a rariya. Wannan na masu kala ne."